Kowane Aiki Zango Ne: Rayuwar Dorugu

In kana zaune a Nima ko Maamobi, ko wani zango na birnin Akra, ba sai an gaya maka cewa aiki ba ya zama wuri ɗaya ba. Ka san mutanen da suke zama ƙarƙashin laima a bakin titi da wayar hannu, ana biyansu a buga waya. Da kowa ya sami tasa wayar, sai sana'ar ta mutu. Ka tuna shekarar 2007 da aka canja kuɗi, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, 'yan kasuwa suka koma koyon lissafi kamar yara. Tsofaffi kuwa za su ba ka labarin da ya fi wannan zafi. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su bar ƙasar Gana. Mutane da yawa daga zangonni suka rufe shagunansu, suka sayar da kayansu da arha, suka tafi.

Wataƙila kai ma yau kana cikin irin wannan hali. An canja maka shugaba a wurin aiki, ko an kawo na'urar da ba ka iya ba, ko an ce za a rage ma'aikata, ko kuwa cinikin da ka saba da shi ya ja baya. Tambayar da take hana mutum barci ita ce: in aka ɗauke mini wannan aiki, me ya rage mini? Domin mu amsa wannan tambaya, bari mu duba rayuwar wani Bahaushe mai suna Dorugu, wanda ya rasu a Kano a 1912. Aikinsa ya sauya sau da yawa, kuma yawancin sauyin ba shi ya zaɓa ba. Duk da haka, abin da ya bari yana amfanar masu karanta Hausa har yau.

Ka san ma'anar kalmar zango. Wuri ne da ayari yake sauka ya huta, a sauke kaya, a ba dabbobi ruwa, a kwana, sa'an nan a tashi. Kakannin mutanen Nima da Maamobi da yawa sun bi hanyar fataucin goro daga Kano da Katsina zuwa Salaga, suna sauka zango bayan zango. Haka za mu bi rayuwar Dorugu.

Zango na farko: daga gida zuwa Kukawa

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840 a wani ƙauye mai suna Dambanas, kusa da Kance, a yankin Damagaram, cikin ƙasar da ake kira Nijar a yau. Sunan mahaifinsa Kwage, ana kuma ce masa Adamu. Gidan talakawa ne masu noma. Zamanin kuwa na yaƙe-yaƙe ne da hare-hare, kuma ƙananan garuruwan da suke tsakanin manyan masarautu su ne suka fi shan wuya. Yana ɗan yaro mahara suka kama shi. Aka raba shi da danginsa, aka bi da shi ta Zinder, daga hannun wannan zuwa hannun wancan, har ya iske kansa a Kukawa, babban birnin Barno, a zamanin Shehu Umar.

Ka dakata ka yi tunani. Yaron da bai wuce shekara goma sha ɗaya ko sha biyu ba, ba uwa, ba uba, ba gona, ba ko tufafin da zai ce nasa ne. A Kukawa Barbarci ake yi da Larabci. Duk abin da za a iya ƙwace wa mutum an ƙwace masa. Amma akwai abubuwa uku da maharan ba su iya ɗauka ba, domin ba a hannunsa suke ba, a cikinsa suke: harshen da ya tsotsa a nono, idon da yake lura da kome, da hali irin wanda yake sa a amince da mutum. Ka riƙe waɗannan abubuwa uku a zuciyarka, gama za ka sake gamuwa da su a kowane zango.

Zango na biyu: yaron ayari

A 1850 gwamnatin Ingila ta aiko da wasu matafiya uku daga Tarabulus, su ratsa Sahara su zo ƙasar Hausa da Barno. Shugabansu James Richardson ya rasu a hanya a 1851 kafin ya kai Kukawa. Sauran biyun Jamusawa ne, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim, da Adolf Overweg. Overweg shi ne ya haɗa jirgin ruwan da suka ɗauko gunduwa-gunduwa a kan raƙuma, ya shiga Tafkin Chadi da shi. Shi ne kuma ya fanshi Dorugu daga bauta, tare da wani saurayi ɗan ƙabilar Margi mai suna Abbega.

Dorugu ya zama ɗa, amma 'yanci ba ya cika ciki, dole ya yi aiki. Ya zama yaron gidan Overweg. Aikin yaro a cikin ayari ba aikin da ake yabo ba ne: ɗaura kaya, kula da dabbobi, ɗebo ruwa, hura wuta, zuwa aike. Bai daɗe da samun wannan inuwa ba, sai ta gushe. A watan Satumba na 1852 zazzaɓi ya kashe Overweg a wani ƙauye a bakin Tafkin Chadi. Mutumin da ya 'yanta shi, wanda yake ci da shi, ya tafi.

Ɗan'uwa, wataƙila ka san wannan ciwo. Wanda ya ɗauke ka aiki ya rasu, ko an yi masa canjin wuri, ko shagonsa ya rufe, kai kuwa ka zama kamar maraya. Me ya faru da Dorugu? Barth ya ɗauke su, shi da Abbega. Ka lura, Barth yana shirin tafiya mai hatsari ƙwarai, kuɗinsa kuma kaɗan ne. Mai irin wannan tafiya ba ya ɗaukar malalaci ko mai dogon hannu. Ƙaramin aikin da Dorugu ya yi wa ubangidansa na farko, wanda yake gani kamar ba mai kallo, shi ya zama takardar shaidarsa wurin na biyu.

Zango na uku: hanyar Tambutu

A ƙarshen watan Nuwamba na 1852 suka bar Kukawa suka nufi yamma. Suka bi ta Zinder, suka ratsa ƙasar da ba ta da nisa da inda aka haifi Dorugu, suka isa Katsina a farkon 1853. Daga nan suka je Wurno wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, suka wuce Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare kogin Kwara a garin Say. A wani ɓangare na hanyar, Barth ya ɓoye cewa shi Bature ne, yana tafiya a matsayin Balarabe, saboda tsoron abin da zai same shi. A irin wannan hali, kalma ɗaya ta kuskure daga bakin yaron gida ta isa ta hallaka ayarin duka. Asirin bai tonu daga wajen yaransa ba.

Sun shiga Tambutu a watan Satumba na 1853. Suka zauna fiye da wata bakwai cikin zullumi, domin akwai masu neman ran Barth, sai dai babban malamin nan Shehu Ahmad al-Bakkay ya tsaya masa, ya kāre shi. A 1854 suka juyo, suka sauka Kano, suka koma Kukawa a ƙarshen shekarar. A 1855 suka ratsa Sahara ta Bilma da Murzuk har Tarabulus, suka shiga jirgin ruwa, suka bi ta Faransa, suka isa Landan a watan Satumba.

A duk tsawon wannan tafiya ba wanda ya ce wa Dorugu ya haddace kome. Barth shi ne mai alƙalami da littafi, shi ne mai tambaya da rubutawa. Dorugu mai hidima ne kawai. Amma yana kallo, yana saurare, yana ajiyewa a ka: sunayen garuruwa, halin mutane, abincinsu, kasuwanninsu, wahalar hamada da ƙishirwarta. Bai san ranar da wannan zai yi amfani ba. Bai ce wannan ba aikina ba ne. Mutane biyu suna iya yin aiki ɗaya shekara uku, ɗaya ya fita da albashi kaɗai, ɗayan ya fita da albashi da ilimi. Albashin yakan ƙare kafin wata ya mutu. Ilimin kuwa yana bin mai shi duk inda ya nufa.

Zango na huɗu: Ingila, inda tsohon aiki ya ƙare

Da suka isa Turai, aikin da Dorugu ya iya ya zama ba shi da amfani. Ba raƙumi a Landan, ba rijiyar da za a nema, ba zangon da za a kafa. Yaro ɗan shekara kamar goma sha biyar, cikin sanyin da bai taɓa ji ba, tsakanin mutanen da ba su jin harshensa. Barth ya kai su har ƙasarsa Jamus, sa'an nan ya shirya a mayar da su gida.

A nan ne wani mutum ya shigo cikin labarin, wato James Frederick Schön, Bajamushe mai aikin mishan a ƙarƙashin ƙungiyar CMS ta Ingila. Schön ya yi aiki a Saliyo, inda ya fara koyon Hausa a bakin bayin da aka 'yanta aka sauke a Freetown. A 1841 ya shiga tafiyar da aka yi cikin kogin Kwara tare da Samuel Ajayi Crowther, a 1843 kuma ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa. Rashin lafiya ya mayar da shi Ingila, ya zauna a Chatham yana aikin limamin wani asibiti. Burinsa shi ne ya rubuta nahawun Hausa, ya kuma juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa. Abin da ya rasa shi ne Bahaushen asali da zai zauna da shi kullum. Bai taɓa taka Kano ko Katsina ba. Da ya ji labarin samarin nan biyu, sai ya roƙa su zauna tare da shi, suka kuwa yarda.

Ka ga abin mamaki? Hausar da Dorugu yake yi ba abin da zai ɗauka dukiya ba ce. Kowa a ƙauyensu yana yinta, har yara da tsofaffi. Amma a Chatham ita ce abin da ba wanda yake da shi sai shi. Abbega Hausarsa ta koyo ce, Dorugu kuwa tasa ta gado ce. Abin da ya fi raina cikin kayansa shi ya zama jarinsa.

Wannan zama bai zo da sauƙi ba. Barth ya ji haushi ƙwarai da aka riƙe samarin, gama yana ganin alhakin mayar da su gida yana wuyansa. Aka sami saɓani tsakaninsa da Schön, har abin ya shiga rubuce-rubucensu. Dorugu ya tsinci kansa tsakanin manya biyu, ɗaya ya yi tafiyar shekara uku da shi, ɗayan yana ba shi masauki da karatu. Kai ma wataƙila ka taɓa zama tsakanin tsohon shugaba da sabo, kowa yana so ka nuna kai nasa ne. Hausawa sun ce in giwaye suna faɗa ciyawa ce take shan wuya. Dorugu ya sa kansa ga aikin da yake gabansa.

A Ingila aka yi musu baftisma, Dorugu ya karɓi suna James Henry. A 1857 Abbega ya koma Afirka, daga baya har ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu ya rage shi kaɗai, ba wanda zai yi hira da shi da harshen gida sai Baturen da yake koya a wurinsa. Ya zauna kimanin shekara takwas. Ya koyi Turanci, ya koyi karatu da rubutu. Yana ba Schön kalmomi, yana gyara masa jimloli, yana ba shi tatsuniyoyi da labaru, Schön yana rubutawa. A cikin waɗannan shekaru aka buga Bisharar Matiyu da Hausa a 1857, Littafin Farawa da Bisharar Luka a 1858, Littafin Fitowa a 1859, da littafin nahawun Hausa a 1862. Bayan Dorugu ya tafi, Schön ya ci gaba da amfani da abin da suka tara, ya fitar da ƙamus a 1876, sa'an nan littafin Magana Hausa a 1885. A cikin wannan littafi ne labarin rayuwar Dorugu da tafiye-tafiyensa yake, kamar yadda ya faɗa da bakinsa. Duk abin da ya lura da shi a hanyar Tambutu, da abin da ya gani na al'adun Turawa a teburin cin abincinsu da titunansu, ya sami wurin zama. Yana cikin Hausawa na farko da aka buga labarin rayuwarsu da harshensu.

Akwai abin da ya kamata mai karanta Littafi Mai Tsarki ya lura da shi a nan. A cikin Littafin Farawa, daga sura 37 zuwa 41, akwai labarin Yusufu, saurayin da aka sayar, aka kai shi baƙuwar ƙasa, ya yi hidima a gidan Fotifar, ya yi hidima a kurkuku, daga baya ya tsaya a gaban Fir'auna. A kowane wuri an tuɓe masa matsayi, amma ba a iya tuɓe masa aminci da hikimar da Allah ya ba shi ba. Sa'ad da ake neman kalmomin Hausa da za a faɗi wannan labari da su a Chatham, wanda yake zaune kusa da mai fassarar saurayi ne da shi ma aka sayar, aka kai shi nesa da gidan ubansa. Ba sai an yi masa bayanin ma'anar bauta ba.

Sai dai kada mu ɓoye ɗaya gefen. Sunan da yake a bangon littattafan nan na Schön ne. Shi aka ba lambar yabo a Faransa, shi Jami'ar Oxford ta girmama. Schön ya ambaci Dorugu, bai ɓoye taimakonsa ba, amma duniya ta fi sanin mai alƙalami a kan mai baki. Sai a 1971, shekara 59 bayan rasuwarsa, wasu masana biyu, Anthony Kirk-Greene da Paul Newman, suka fassara labarinsa zuwa Turanci suka buga shi a Amurka, mutane da yawa suka san shi. In kana aiki wani yana karɓar yabo, ka sani ba kai ne na farko ba. Neman hakkinka ta hanyar da ta dace ba laifi ba ne. Amma kada rashin yabo ya sa ka lalata aikinka, gama aikin kirki yakan daɗe fiye da tafin da aka yi wa wani.

Zango na biyar: komowa gida, da ƙasar da ta sauya

A 1864 Dorugu ya komo Afirka. Yanzu yana da sabuwar sana'a, wadda ya haɗa daga tsohon abu da sabo: Hausar da ya tafi da ita, da Turancin da ya zo da shi. Ya zama tafinta, yana aiki da Turawa matafiya da 'yan kasuwa da ma'aikata. Shekarun da suka biyo baya na babban juyi ne. Kamfanin Turawa ya kafu a bakin Kwara da Binuwai. Faransawa suka kama Zinder a 1899. Ingilishi suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Hanyar Sahara da ya bi da ƙafarsa ta fara mutuwa, ciniki ya juya zuwa bakin teku. Irin wannan juyi ne ya taɓa kakannin mutanen zango a nan Gana: bayan yaƙin basasar Salaga a 1892, fatake suka watse zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra da sauran garuruwa, kowa ya nemi sabuwar hanyar abinci. Duniyar da Dorugu ya sani yana yaro ta shuɗe a kan idonsa.

A 1909 Hanns Vischer, wanda aka laƙaba wa suna Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a Nasarawa, a bayan ganuwar Kano. Yana bukatar wanda ya iya karanta Hausa da rubuta ta da baƙaƙen boko, ya kuma iya koya wa wasu. Irin waɗannan mutane ba su da yawa a lokacin. Dorugu, tsoho mai shekara kusan saba'in, yana cikinsu. Ya zama malami a wannan makaranta. Abin da ya koya a Chatham shekara hamsin da suka wuce ya sake ba shi aiki, a shekarun da mutane da yawa suke cewa tasu ta ƙare. A nan Nasarawa ya rasu a 1912. Bayan shekara ashirin, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wasu ne suka yi wannan fassara, suka gyara abubuwa da yawa, amma hanyar da suka bi, Schön da Dorugu suna cikin waɗanda suka fara share ta.

Me wannan yake koya maka?

Ka ƙirga: bawa, yaron ayari, mai koya wa Bature Hausa, tafinta, malamin makaranta. Iyayen gidansa sun mutu ko sun rabu da shi, ƙasashe sun canja hannu, sana'o'i sun shuɗe. Abin da ya raka shi daga Dambanas har Nasarawa shi ne abubuwan nan uku da muka ambata tun farko. Ga yadda za ka yi amfani da su a inda kake.

Na farko, ka san abin da kake ɗauke da shi. Ka ɗauki takarda yau ka rubuta abin da ka iya, ba sunan aikinka ba. Mai gadi ba gadi kaɗai ya iya ba, ya san fuskokin mutane, ya iya kwana a farke, ya iya kwantar da rigima. Matar da take sayar da abinci a kasuwar Nima ta iya lissafin riba, ta iya sayen kaya da rahusa, ta iya riƙe masu ciniki. Yaron da ya tashi a zango sau da yawa yana jin Hausa da Twi da Ga da Turanci, wani ma har da Faransanci ko harshen kakanninsa na arewa. Yana ganin wannan ba kome ba ne domin kowa a unguwa haka yake. Amma a asibiti, da kotu, da tashar mota, da wurin 'yan kasuwar da suke zuwa daga Nijar da Burkina Faso da Nijeriya, wannan abin nema ne. Kada ka raina abin da ka samu a gida.

Na biyu, ka koyi wani abu a kowane zango, tun kafin a tilasta maka. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Makanikin da ya ga motocin da suke shigowa sai an sa musu kwamfuta kafin a gane ciwonsu, gara ya nemi wanda ya iya ya zauna kusa da shi, ko da yaronsa ne a shekaru. Mai shagon da ya ga mutane suna biya ta waya, tun da aka fara wannan a Gana a 2009, gara ya koya da ya tsaya yana gunaguni. In kana adashi, wanda ake ce wa susu a nan, ka ware wani kaso domin koyon sana'a, ba domin biki kaɗai ba. Kada ka ce ka tsufa. Dorugu ya shiga aji yana koyarwa yana da shekara kusan saba'in.

Na uku, ka tsare amana, musamman a lokacin da abubuwa suke rikicewa. Sa'ad da aka ji za a rufe wurin aiki, a nan ne jaraba take ƙaruwa: wannan ya ɗauki kaya, wancan ya daina zuwa da wuri, wani ya shiga kai gulma wurin sabon shugaba. Ka tuna, wanda zai ɗauke ka aiki gobe yana iya zama cikin masu kallonka yau. A zango labari ba ya ɓuya, kafin ka kai ƙarshen layi an riga an san halinka. Sunan kirki shi ne takardar da ba ta ɓacewa a ambaliya, ba ta ƙonewa a gobara.

Jimiri ba ya nufin ba ka jin zafi. Wanda aka raba da iyayensa yana yaro, wanda ya ga mutuwar mai fansarsa, wanda ya zauna shekaru a ƙasar sanyi ba ɗan'uwa, ya san baƙin ciki. In ka rasa aiki, ka yi baƙin cikinka, ka gaya wa matarka ko mijinki gaskiya, ka nemi wani amintacce a cikin ikkilisiya ko unguwa ka faɗa masa. Ɓoye damuwa ba ƙarfi ba ne. Amma bayan haka ka tashi. Ayari ba ya gina gida a zango, ba ya kuma zama yana kuka domin an ce a tashi. Yakan duba kayansa, ya ɗaure su da kyau, ya kama hanya.

Abin tunani a wannan mako: In aka ɗauke aikin da kake yi yau, waɗanne abubuwa uku ne za su rage a cikinka? Wane abu ɗaya ne ya kamata ka fara koya kafin ƙarshen wannan wata? Akwai wani a kusa da kai da aikinsa ya ƙare, wanda zai ji daɗi in ka ziyarce shi?

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, kai ne ba ka sākewa. Ka ga waɗanda suke cikin tsoro saboda aikinsu, a Nima da Maamobi da ko'ina. Ka buɗe idanunmu mu ga baiwar da ka sa a cikinmu, ka ba mu tawali'un koyon sabon abu, ka kuma riƙe mu cikin aminci ko ana ganinmu ko ba a gani. Ka biya bukatar kowane gida da abincin yau. Amin.